Tekilar da ta daɗe a ganga, wacce zan saya wa farfesa?

Ɗanladi: Jama'a dan Allah a taimaka, farfesan da ke duba aikina a nan Gwadalahara ta jihar Halisko a ƙasar Meksiko zai yi ritaya, 'yan ajinmu sun haɗa kuɗi wai ni zan je sayen tekila, giyar nan ta Meksiko, alhali ko ɗanɗanawa ban taɓa yi ba.

Bulus: Hahaha an aiki makaho kallon wata. Toh fara duba jikin kwalbar, in ba a rubuta 100% agave ba, wato shukar da ake yin tekilar da ita, ka ajiye, don doka ta yarda a yi da kashi 51 kawai sauran a cika da sukarin rake. Sannan ka nemi añejo, wato wadda ta kwana a gangar katako shekara 1 zuwa 3. Reposado daga wata 2 ne.

Anti Saratu: Ɗanladi ka nemo El Tesoro ko Fortaleza. Ni fa ba sha nake ba amma na je garin Tekila ɗin da kaina, na ga yadda ake sare ganyen agave da wani ƙarfe mai kai kamar faranti, coa suke ce masa, sai a bar gindin kamar ƙatuwar abarba, shukar da ta yi wajen shekara 7 a gona fa, a turara ta cikin ɗakin bulo har kwana biyu, ƙamshin wlh kamar ana dafa mazarƙwaila, sai a murje da wani gungumen dutse mai juyawa da ake kira tahona wanda a da alfadari ke ja.

Bulus: Gaskiya Anti, su biyun duk da dutsen suke yi. El Tesoro ta garin Arandas ce, can kan tudu mai jar ƙasa, ta fi zaƙi-zaƙi, Fortaleza kuma ta kwari ce tana da ɗan ƙamshin ƙasa.

Ɗanladi: Na ga wata extra añejo, tsadar ta ban tsoro.

Bulus: Wannan ta haura shekara 3, sai 2006 aka ƙirƙiro ajin. A ganina katako ya danne ta, gangar da Amurkawa suka gama zuba wiski ake sawa sai ka ji kamar wiskin kake sha. Tsoho ɗan Halisko zai fi son ya ji agave ɗinsa.

Malam Isa: Ni dai da ka kai masa zumar agave ka huta.

Ɗanladi: Malam kuɗin ba nawa ba ne 😅 Yaya Bulus turo min hoton kwalbar kar in ɗauko wata.