Yaushe ne ya wajaba dillalin gida ya faɗi wanda yake wakilta?

'Yar Kabuga: Assalamu alaikum. Yayana yana neman gida a Rijiyar Zaki, wani dillali ya yi ta zagawa da shi, har ya san iyakar kuɗin da ke hannunsa, kuma shi ne ya ba shi shawarar abin da zai taya. Sai ranar biyan kafin alƙalami, a gaban shaidu, muka ji cewa mai gidan ne ya ba shi dillancin tun farko, kuma zai karɓi la'ada daga ɓangarori biyu. Shin akwai lokacin da ya wajaba ya bayyana hakan?

Ɗan Hotoro: Wa alaikumus salam, Hajiya. Karɓar la'ada daga mai saye da mai sayarwa sananniyar al'ada ce a Kano, saboda haka ba nan matsalar take ba. Matsalar ita ce ya saurari sirrin yayanki alhali amanar mai gida ce a wuyansa. Ƙa'idar wakilci, a fiƙihu da kuma dokar da muka gada daga Ingila, ba ta yarda wakili ya ci wata riba a ɓoye ba, kuma wanda zai tsaya wa ɓangarori biyu sai kowannensu ya sani ya amince. A ganina, lokacin faɗa shi ne kafin a ambaci farashi, domin da zarar mai saye ya furta iyakarsa, ciniki ya riga ya karkata.

Malamar Ɗorayi: A Amurka kowace jiha da dokarta, amma da dama sun wajabta sanarwar a rubuce tun a tattaunawar farko mai ma'ana game da gida. Florida da Colorado sun hana dillali ɗaya zama cikakken wakilin ɓangarori biyu, kuma tun Agustan 2024 'yan babbar ƙungiyar dillalan ƙasar suke rubuta yarjejeniya da mai saye kafin su shiga da shi duba gida.

Dattijon Fagge: 'Yata, tunda ba a kammala biya ba, yayanki ya nemi zama da mai gidan ido da ido, a gaban mai unguwa, ya tambaye shi nawa ya sallama. Sau da yawa a nan ake gano abin da dillali ya ɗora a kai. A rubuta farashin da la'adar kowane ɓangare cikin takardar ciniki, sannan a tantance takardun gidan a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, kafin ya cika sauran kuɗin.