Musayar waƙa: fursunonin da Ingila ta tura Ostireliya

Ɗan Kogi: Daga 1788 zuwa 1868 Ingila ta kwashi fursunoni kusan 162,000 zuwa Ostireliya. Ga buɗi, mai amsawa ya zo da hujja.

Wanda ya saci agogo ko riga a Landan,
Shekara bakwai alƙali ke yankewa.
A kulle shi a ruɓaɓɓen jirgi a Kogin Tems,
Da mari a ƙafa, laka yake kwashewa.
Jirage 11 suka bar tashar Fotsmos ta Ingila a 1787,
Wata takwas a ruwa kafin saukewa.
Gwaggo, ga fili, ɗora inda na tsaya,
Ke kika san abin da ya jawo mutuwa.

Gwaggo Mai Tawada:

Ɗana, ayarinka da sauƙi, dubi na 1790,
Wanda ba a ƙara ganin irinsa ba.
'Yan kwangila kan kowane kai aka biya su,
Ba a ce sai kan ya iso da rai ba.
Abincin da suka hana, a Sidni suka sayar,
Mutuwar fursuna ba ta rage musu riba ba.
Na ɗaure kusa da gawa sai ya yi gum,
Ya ci rabonta, muddin wari bai tona ba.
Cikin dubu da ɗoriya, fiye da 250
Teku aka zuba su, ba su ga tudu ba.
Daga 1815 likitan sojan ruwa ke bin kowane jirgi,
Ga wanka, ga lemon tsami, ba a maimaita ba.

Malam Mai Sikeli:

Gwaggo, kin sauke su, ni zan auna musu,
Ga rabon namiji na mako a abinci:
Laba 7 ta fulawa, 7 ta naman sa mai gishiri,
Ko 4 ta alade, ya tsufa har da ɗaci.
Mace kashi biyu cikin uku ake ba ta,
Mai yunwa kwana uku ya cinye, saura ƙunci.
Sai Filif, gwamnan farko a can, ya raba awon, Laraba da Asabar,
Mai fasa rumbu kuwa, rataya ce hukunci.

Ƙanwar Maza:

Malam, kada a manta da takardar izini,
Wadda ke barin mutum ya yi aikin kansa.
Mai shekara 7 ya yi 4, mai 14 ya yi 6,
Mai rai-da-rai 8, in ba tabo a littafinsa.
Wani ya yi aure, wani ya buɗe shago,
Wani ya gama, aka yanka masa eka 30 gonarsa.

Gwaggo Mai Tawada:

'Yata, wannan takarda ai talala ce,
Ba ya barin gunduma in ba a sa hannu ba.
Ubangidan da aka ba maƙeri ko kafinta
Ba zai so ranar rabuwa ta zo ba.
Sai ya kai ƙara gun majistare, wai rashin kunya,
Bulala 50 mai harshe tara, ba ragi ba.
A watsa ruwan gishiri a gadon baya, a ɗage takardar,
Shekara ta zagayo bai ko gan ta ba.

Ɗan Kogi:

In ya sake laifi, sai kurkukun Fot Ata a tsibirin Tasmaniya,
Gungumen itace a kafaɗa yake ɗaukowa.
Hanyar tudu ɗaya ce, siririya ƙwarai,
An jera karnuka da sarƙa suna tsarewa.
Wanda ya cika wa'adi ba a biya masa jirgin gida,
Galibi can suka tsufa, ba komowa.
Ƙanwa, matan gidan aikin Faramata naki ne,
Kaɗin ulu da askin kai, muna jiran amsawa.