Takardar da ba a sa wa hannu ba, tana ɗaure mutum?

Mai Sola: Assalamu alaikum. Ina neman shawararku. Wata makarantar kuɗi ta ba ni aikin kula da solarta na shekara guda: wanke fanel, duba batura da inbata duk sati biyu, naira 60,000 a wata. Na rubuta sharuɗɗan na tura wa mai makarantar ta WhatsApp, ya ce in fara, in ya dawo daga tafiya ma sa hannu. Ya biya wata huɗu ta banki. Yau wata uku ina hawa kwano da tsakar rana, ko sisi. Jiya na yi magana, ya ce tunda bai sa hannu ba, babu abin da ya ɗaure shi.

Alhaji Ɗan Kwangila: Wa alaikumus salam. Ƙanena, sai haƙuri. Na daɗe a harkar nan, takardar da ba sa hannu takardar tsire ce. Kotun Ƙoli ma haka ta ce a shari'ar bankin Omega a 2005. Lauyana ya karanta min da bakinsa.

Barista: Ranka ya daɗe, hukuncin nan yana nan, amma takarda daban, yarjejeniya daban. Kotu takardar ta ce ba ta da ƙarfi ita kaɗai. Yarjejeniya kuwa tana ƙulluwa ne in an yi tayi, an amince, kowa na da abin da zai bayar, kuma da gaske ake. Da baki ma ana ƙulla ta. A Ingila a 1877 an yi shari'ar Brogden, mai kai wa kamfanin jirgin ƙasa kwal. Wakilin kamfanin ya jefa daftarin yarjejeniyar cikin durowa, kamfanin bai sa masa hannu ba, aka yi ta kai kwal ana biya bisa abin da ke ciki. Da rigima ta tashi, kotu ta ce aikin da suka yi ta yi shi ne amincewarsu. Har yau ana koyar da ita a jami'o'inmu.

Hajiya Mai Girki: Barista, ni dai da Alhaji nake. Na taɓa dafa abincin biki, shinkafa da kaji, har da lemo daga aljihuna. Rabin kuɗin aka ba ni a hannu, sauran aka ce ba haka aka yi ba. Wa zan kira shaida? Na share hawayena na bar wa Allah.

Barista: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ke ma haƙƙinki bai faɗi ba, hujja ce ta yi miki ƙaranci. Shi kuwa yana da alat huɗu na kuɗi iri ɗaya.

Malam: A Musulunci wannan ijara ce, wato ɗaukar mutum aiki da lada, kuma ijabi da ƙabuli, wato tayi da amincewa, ke ƙulla ta. Malikiyya ma sun yarda ciniki na ƙulluwa da duk abin da ke nuna yarda, ko ba a furta ba. Farkon Suratul Ma'ida umarni ne da cika alkawura. Aya ta 282 a Baƙara ta ce a rubuta bashi, amma don kiyaye haƙƙi, ba don wanda ya ci guminka ya fake da rashin rubutu ba. Abin nan yana ci min rai, wallahi.

Alhaji Ɗan Kwangila: Allah gafarta Malam, ban ce cin gumi halal ne ba. Amma mutumin cewa ya yi sai ya dawo a sa hannu. Ke nan magana ba ta ƙare ba. In ba haka ba, me ya sa muke wahalar sa hannu?

Barista: Nan kam ka taɓo wurin, lauyansa ma nan zai kama. Sai dai wanda ke jiran sa hannu ba ya buɗe ƙofa ya biya wata huɗu. Inda zan bi bayanka shi ne cinikin fili da tsaya wa wani bashi, waɗannan doka na neman rubutu da sa hannu. Haka wata biyar ɗin da suka rage, da duk wata tara da ya rubuta a takardar, za a sha fama kafin a tabbatar. Amma 180,000 na aikin da ya riga ya yi, ko an ture takardar, kotu kan ba mutum ladan da ya dace da aikinsa.

Mai Sola: To hirar WhatsApp fa, Yaya Barista, ana karɓa?

Barista: Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ba da dama, in an cika sharuɗɗansa, har da takardar bayanin na'urar da aka ciro saƙon. Kada ka goge komai, kada ka sayar da wayar. Ka karɓo bayanan asusunka daga banki, sannan a rubuta masa takardar neman biya kafin maganar kotu.

Alhaji Ɗan Kwangila: Ni dai har gobe ba na ɗora tsani sai na ga sa hannu.

Mai Sola: Na tuna, duk zuwan da na yi sai maigadi ya sa na rubuta suna da kwanan wata a rajistar bakin ƙofa.

Barista: Madalla. Gobe da safe ka roƙe shi ka ɗauki hoton shafukan, kafin ka sake yi wa mai makarantar magana.