Wa ya iya dafa rendang, naman nan na mutanen Indunusiya?

Maman Hadiza, Yamai:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina da tambaya. Yayata da ta yi aikin hajji bara ta ce a masaukinsu akwai alhazan Indunusiya da sunka zo da wani nama baƙi-baƙi wai shi rendang, sunka ɗiba mata, har yau tana zancen daɗinshi, kuma wai tun daga gida sunka taho da shi bai lalace ba. To wanga shi ya ja hankalina, ga babbar salla na tahowa ga kuran da ba ya zama, firigo ba abin dogaro ba ne. Ana iya yin shi nan da kayanmu?

Ɗan Adar, Tawa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na ci shi sosai lokacin da nike karatu a Maleziya. Asalinshi na mutanen Minangkabau ne, Sumatra ta yamma wajen birnin Padang, musulmi ne kuma matafiya ne na gaske, shi ya sa sunka ƙware ga naman da ka jure hanya. A 2011 masu karatun CNN sunka zaɓe shi na ɗaya cikin abinci 50 mafi daɗi a duniya, ni dai ban ga ƙarya ba. Naman shanu ne a ke yankawa manya-manya, a niƙa albasa da tafarnuwa da citta da kurkum da tonka, a sa sitronel irin wanda mu ke sawa a shayi da ganyen lemun tsami, a zuba madarar kwakwa mai kauri, BA a sa ruwa ba a sa tumatir. Sai wuta kaɗan-kaɗan ki yi ta juyawa awa 4 ko fiye. Da farko kamar miya zai yi, daga nan ya yi kauri ya koma ruwan ƙasa, wannan matakin su kalio su ke ce mai kuma nan mutane da yawa ka gajiya su sauke. Ki daure har ruwan ya ƙone ƙaf man kwakwar ya fito ya soya naman da kanshi ya yi duhu, to shi ne rendang, kuma shi ne mai daɗewa.

Inna Rabi:
Madarar kwakwar ba wuya, ki sayi busasshiyar kwakwa a kasuwa ki goge ta ki zuba ruwan ɗumi kaɗan ki tace da ƙyalle mai tsabta. Ta gwangwani akwai a manyan kantuna amma tsada. Akwai wani saiwa nasu mai kama da citta, galangal, ban taɓa ganinshi nan ba, ni ƙara citta nike yi da 'yar tsamiya. Albasa kam wa ya kai mu, ta Galmi ta wadatar. Gawayi ya fi gaz ga wanga aiki in ba haka ba kwalbarki ta ƙare.

Abban Sadiƙ:
Ni fa ina da ja. Soyen naman layya da iyayenmu ka yi da kitsenshi yana wata da watanni, ga kilishi ga dambun nama, mi za ya kai mu ga sayen kwakwa? Kuma zafin Yamai ba wasa ba ne, kar a je a yi asarar nama.

Ɗan Adar, Tawa:
Malam gaskiyarka ta wajen zafi, in bai bushe sosai ba za ya yi tsami, kuma ko can suna sake ɗumama shi lokaci-lokaci. Amma ɗanɗanon daban ne wallahi, yajin ya shige har cikin tsokar kuma naman laushi gare shi, da shinkafa fara ba a magana.

Maman Hadiza, Yamai:
Na gode ƙwarai Allah shi saka. To naman rago fa za ya yi? Sa ba mu da hali bana.

Inna Rabi:
Za ya yi ɗiyata, ki ɗauki tsokar cinya ki cire kitsen duka don kwakwar ma mai ce. Rago ya fi saurin nuna, sai ki bari madarar ta fara kauri kafin ki zuba naman don kar ya dagargaje. Ki fara gwadawa da kilo 1 kafin salla.