Wai mece ce iyaka, layin taswira ko shingen da ke kan hanya?

Ɗan Jibiya:
Salamu alaikum. Ina rubuta kundin digiri na biyu a kan ƙaura, kuma tambaya ɗaya ta hana ni barci. Gwaggona ta yi aure a Maraɗi, kilomita kamar hamsin daga ƙofar gidanmu. A takardar tambayoyin da nake cikewa, dole in sa ta cikin masu ƙaura zuwa ƙasar waje. Ɗan kawuna da ke sayar da goro a Legas, inda ba ya jin yaren mutanen gari, shi kuma ɗan gida ne. Wallahi hannuna sai da ya yi nauyi kafin in rubuta. Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce masa. To wane ne baƙon a cikinsu? Masana, yaya kuke fahimtar iyaka?

Malama daga Zariya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ya dame ka masana sun daɗe suna sukarsa: mai bincike ya ɗauki ƙasa a matsayin akwatin da al'umma take ciki tun fil azal, ya auna kowa da shi. Layin da ya raba ka da gwaggonka Ingila da Faransa suka yi ta ja-in-ja a kansa, daga yarjejeniyar 1890 har zuwa ta 1906. Shi ya sa yanzu da yawa suka daina tambayar ina iyakar take, suka koma tambayar wa take tsayarwa, wa take bari ya wuce. Etienne Balibar, wani masanin falsafa ɗan Faransa, ya nuna cewa iyaka ba abu ɗaya ba ce ga kowa. Mai kuɗi da fasfo mai daraja ko jin ta ba ya yi, talaka kuwa takan bi shi har tasha da gidan haya.

Direban Agadas:
Malama ta faɗi gaskiya, ni da idona na gani. Bayan dokar Nijar ta 2015 da ta hana ɗaukar 'yan ci-rani zuwa arewa, sai iyakar Turai ta taso ta zauna mana a Agadas, alhali Libiya tana can nesa. Aka kama motoci, aka rufe direbobi. Waɗanda suka ci gaba suka bar hanyar rijiyoyi suka shiga tsakiyar hamadar Tenere, mutane suka riƙa mutuwa da ƙishirwa. A ƙarshen 2023 aka soke dokar. Layin bai matsa ko taku ɗaya ba duk tsawon wannan lokaci.

Hajiya mai shinkafa:
Ni dai kada ku sa yaron nan ya rubuta cewa layin ba komai ba ne. Da aka rufe boda a Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe, jarina ya karye. 'Ya'yan 'yar'uwata a Birnin Ƙonni da Faransanci suke karatu, sefa suke ƙirgawa, nawa kuma naira. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma yaranmu sun fara bambanta.

Ɗan Jibiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Lahadi zan je Maraɗi. Zan tambayi gwaggo ko ta taɓa jin cewa ta bar gida, kuma zan ƙirga shingayen da za su tsayar da mu a hanya.