Famanganet na cinye min zobban benzin a kwal ɗin Maiganga

Hauwa (Unguwar Rimi): Assalamu alaikum. Na dafa kwal ɗin Maiganga da famanganet (KMnO4) cikin ruwan alkali na KOH don in ga tsarin ƙwayoyinsa. Abin da ya fito galibi asid ɗin okzalik ne da CO2, asid masu zoben benzin kaɗan ne ƙwarai. Shin kwal ɗin ne ba shi da zobba, ko hanyar ce?

Malam Bala (Tudun Wada): Wa alaikumus salam, Malama. Hanyar ce. Kwal ɗin Maiganga na Gombe bai nuna sosai ba, zobbansa da yawa na ɗauke da OH irin na finol (zoben benzin mai OH a jikinsa). Famanganet yana farfasa irin wannan zobe nan take, sai ki ƙirga ƙasa da abin da ke ciki. Kwal ɗin Lafiya-Obi na Nasarawa, da ya fi nuna, zai ba ki asid masu zobe fiye da haka. Idan finol kike nema, yi amfani da CuO da NaOH a rufaffiyar tukunyar ƙarfe, 170°C, bayan kin kore iska da naitirojin.

Injiniya Sadiya (Barnawa): Idan kuma gadojin CH2 da ke haɗa zobba kike son gani, sinadarin rutiniyam ne zai fito da su. A niƙa kwal ya wuce rariyar maikiron 75, a wanke shi a Soxhlet (na'urar tatsar mai da sinadarin narkarwa), in ba haka ba man da ke maƙale zai shiga lissafi. A zuba RuCl3 (gishirin rutiniyam) kaɗan da NaIO4 cikin CCl4, CH3CN da ruwa, 2:2:3, a juya awa 24 zuwa 48, kada zafi ya wuce 40°C. RuO4, wanda RuCl3 da NaIO4 ke samarwa, yana cinye zoben ya bar reshe: reshe mai kai ɗaya ya zama asid mai COOH ɗaya, gada ta ba da mai biyu, kamar saksinik daga gadar CH2 biyu. Ki sa ido kan launi. Ruwan ƙwai na nufin aiki na tafiya. Ya koma baƙi, NaIO4 ya ƙare, RuO2 ya kwanta, sai a ƙara. RuO4 guba ne mai tashi, kar a buɗe shi sai cikin akwatin zuƙe hayaƙi.

Malam Bala: Ƙari ɗaya, Malama Hauwa: fairait (ma'adinin ƙarfe da sulfa da ke cikin kwal) ma na shan sinadarin da ke farfasa kwal ɗin, HCl da HF kuma ba sa narkar da shi. Kafin ki busar da ruwan, sa masa alkali, don ƙananan asid suna bin tururi. Sannan a mai da su esta da BF3 cikin metanol kafin a sa su a GC-MS, na'urar da ke rarrabe sinadarai ta gano kowanne.