Shin adalci ne a saurari ƙara bayan shekaru arba'in?

Malam: Jama'a, ina da ja a kan dokar da jihar New York ta kafa a 2019, wadda ta bai wa waɗanda aka yi lalata da su suna yara damar neman diyya har su cika shekara 55, alhali a da wa'adin bai wuce shekara 23 ba, sannan ta farfaɗo da ƙararrakin da lokacinsu ya wuce. Bayan shekaru arba'in shaidu sun rasu, takardu sun salwanta, to da me wanda ake zargi zai kare kansa?

Hajiya: Malam, wa'adin nan an yanka shi ne tamkar yaro zai tashi washegari ya nufi kotu. Hukumar binciken da Ostiraliya ta kafa kan lalata da yara ta bayyana a rahotonta na 2017 cewa waɗanda suka ba ta labarinsu sun ɗauki kusan shekaru 24, a matsakaicin lissafi, kafin su faɗa wa kowa. Na san wata baiwar Allah da ba ta buɗe baki ba sai ranar da 'yarta ta cika shekara tara, tana yi mata kitso hannunta ya kama rawa, domin a shekarun nan abin ya same ta.

Barista: Malam, damuwarka tana da tushe, amma dokar ba ta sauke wa mai ƙara nauyin kawo hujja ba, kuma ɓacewar shaidu shi ta fi cutarwa. Farfaɗo da tsofaffin ƙararrakin kuma maganar diyya ce kawai, domin tun 2003 Kotun Ƙolin Amurka ta hana farfaɗo da tuhumar laifi da wa'adinta ya ƙare.

Malam: Na karɓi wannan gyara, Barista. Sai dai cocin Katolika na Rochester, a jihar New York, ya nemi kariyar fatara, wato kariyar kotu daga masu binsa kuɗi, a Satumban 2019, wata guda da buɗe ƙofar shigar da tsofaffin ƙararrakin, kuma masu ibadar yau da ba su ji ba su gani ba ne ke ɗaukar asarar.

Hajiya: Ina tausaya musu har zuciyata, Malam, amma hukumar cocin da ta riƙa sauya wa mai laifi wurin aiki tana ɓoye takardunsa ba ta mutu ba, tana nan da gine-ginenta da kamfanonin inshorarta. A Maryland, cocin Baltimore ya nemi irin wannan kariya kwana biyu kafin irin wannan doka ta jihar ta fara aiki a ranar 1 ga Oktoban 2023, tun ba a shigar da ƙara ko ɗaya a ƙarƙashinta ba.